KARAN DAWA A BAYAN WAGON

Shafi na 19

Hajiyoyina masu cika min waya da saƙo wai na bar Malam Uwais a tsaye a bakin titi kwana uku, ku yi haƙuri, wayar ce ta faɗa bokitin wanki. Ga shi nan na dawo muku da shi, shi da hularsa.

*

Duk wanda ya zauna da Malam Uwais ya san bai iya ƙarya ba. Tsoron Allah akwai shi, amma ko babu shi jikinsa ma ba ya ba shi haɗin kai. Da zarar ya ɗauko zancen da ba haka yake ba, sai hannunsa ya tafi kan hula ya hau juya ta. Matarsa Mahbuba kuwa shekara tara tana zaune da hular nan, ta iya karatunta fiye da yadda shi ya iya Larabcin da yake koyarwa a jami'a, reshen Kongo.

To yau Asabar, daga ƙofar gida zuwa filin sayar da motoci na Obiajulu da ke bakin titin Tudun Wada, sau huɗu hular ta zagaya kansa.

Abin da yake ɓoyewa ba ƙarami ba ne. Kwana goma sha ɗaya ke nan da Inna, mahaifiyar Mahbuba, ta zame a bakin rijiya can ƙauyensu bayan Maigana, ƙashin ƙugunta ya tsage. Ba zama, ba tsayuwa, sai kwanciya a miƙe. Likita ya ce a kawo ta asibitin Shika, kuma ba zuwa ɗaya ba ne, jele za a yi ta yi har watanni. Ranar da Uwais ya saci jiki ya je duba ta, daga bayan labule ta yi masa magana yadda surukai suke yi.

"Malam, amana na ba ka. Kada mutuniyar taka ta ji sai ta sauka lafiya."

Mutuniyar taka, haka Inna take ce mata. Mahbuba 'yar fari ce, Inna kuwa irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari, tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba.

Bai yi musu ba, don ya san dalili. Cikin Mahbuba wata bakwai, shi ne na uku, kuma shi ne na farko da ya kai haka. Na biyun ya zube ne ranar da aka bugo mata waya babanta ya rasu, a tsakar gida, Uwais yana tsaye ba abin da ya iya yi.

Saboda haka mota yake nema wadda za a shimfiɗe Inna a ciki. Matsalar ita ce Mahbuba ta riga ta zaɓi tata motar tun mako uku da suka wuce, kuma yau ne ranar ɗauka.

"Alaramma da kansa," in ji Obiajulu, ya taso daga benci yana dariya. "Madam, sannu da zuwa. Ya jikin?"

A Tudun Wada aka haifi Obiajulu, benci ɗaya suka zauna da Uwais a firamare. In kana bayan katanga ka ji Hausarsa, sai ka rantse jikan wani limami ne.

"Jiki da sauƙi, Oga Obi. Ina tawa?"

"Ga ta can an wanke ta tun safe, tana jiran uwar ɗakinta."

Motoci biyu ne a jere a ƙarƙashin rumfar kwano, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, kamar 'yan uwa. Ɗaya salun ce fara mai but a baya. Ɗayar wagon ce ruwan ƙasa, mai dogon baya. Mahbuba ko kallon wagon ɗin ba ta yi ba. Ta buɗe gaban salun, ta dafa ƙofa, ta zauna a hankali, sai ta lumshe ido ta sauke dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi. Malam, ka ga kujerar nan? Ta san mai ciki. Daidai inda bayana yake ciwo nan ta tokare."

"Haka ne."

"Shekara shida ina bayanka a babur, duk ramin da ke tsakanin nan da Gyallesu na san shi da ƙashin bayana. Yau dai Allah ya yi."

Ta laluba gefe ta ja ƙarfen, kujerar ta kwanta da ita baya. Ta yi dariya irin wadda ya daɗe bai ji ba. Tausayinta ya kama shi har ya ji kamar ya fasa komai, ya ce Obi ya miƙo makulli su tafi. Sai ya tuna muryar bayan labule.

Ya yi gyaran murya. "Da dai mun ɗan leƙa waccan ma."

"Wacce?"

"Wagon ɗin."

Ta buɗe ido ɗaya. "Ta 'yan kwasar buhu?"

"Ai kallo ne kawai."

"Ka kalla daga nan, ai ba labule a tsakani."

Uwais ya yanke wa kansa shawara tun a gida cewa ba zai yi ƙarya ko ɗaya ba, gaskiya zalla zai yi ta jerowa har ta gaji ta yarda. Ya zagaya ya shiga bayan salun ɗin, daidai bayan kujerarta. Dogo ne, gwiwoyinsa suka tokare da kujerar, hularsa ta gogi rufi.

"Kin gani? Babu wurin ƙafa."

"Don na kwantar da kujera ne."

"Ko kin tayar, dubi kaina."

"Malam, kai da za ka riƙe sitiyari, me ya kai ka baya? Ko direba za ka ɗauka ban sani ba?"

Obiajulu ya juya baya yana tari, amma kafaɗunsa rawa suke yi.

"To ai saboda baƙi."

"Baƙon da ya samu mota kyauta ya lanƙwashe ƙafarsa."

Da ƙyar da roƙo ya samu ta fito. Ta taka zuwa wagon ɗin tana dafe da ƙugu, fuskar nan kamar an aike ta gidan da ba ta so. Ta zauna a gaba, ta motsa hagu, ta motsa dama, ta danna kujerar da ɗan yatsa.

"Wannan ai bencin asibiti ne aka sa wa riga."

"Yadi ne, Madam," in ji Obiajulu. "Waccan fata ce. Amma da zafin nan na bazara, fata in ta sha rana sai ta gasa mutum. Yadi ba ruwansa."

"Ni dai ta gasa ni a kan laushi."

"Shiga baya ki ji," in ji Uwais.

Ta koma baya. Ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura har ƙarshe ba su taɓa komai ba. Ta ɗaga kai, ɗaurin ɗankwalinta da ta ɓata rabin sa'a tana kafawa yana tsaye abinsa, tsakaninsa da rufi akwai sauran wuri.

"To, ɗankwali dai ya samu 'yanci," ta ce. "Wannan na ba ka."

"Kin gani ko? Ga kayan jariri, ga baho, ga kwando, ga..."

"Jariri zan haifa ko ɗan maraƙi? But ɗin waccan ma ai sai ya ɗauke kayan sunan gaba ɗaya. Kuma ita but ɗinta a rufe yake. Wannan kuwa in ka sayo daddawa a kasuwa ka ajiye a baya, da kai da ita za ku iso gida kuna ƙamshi ɗaya."

"Sai a sauke gilashi."

"Sannan ka san unguwarmu. Ranar da aka ga doguwar mota a ƙofar gidanka ka zama na kowa. Mai kai amarya kai ne, mai ɗauko ragon layya kai ne, mai kwasar kujerun walima kai ne. Kai kuma ba ka iya cewa a'a ba."

Duk gaskiya ta faɗa.

Obiajulu ya ga abokinsa yana nutsewa, ya ce bari ya kawo ɗauki. "Madam, fito ki ga abin da waccan ba za ta taɓa yi ba."

Ya ɗaga ƙofar baya sama, ya ja wani maɓalli nan, ya ja wani can, kujerun baya suka kife. Cikin motar ya zama fili guda shimfiɗaɗɗe tun daga bayan direba har bakin ƙofa.

"Ɗaki guda ke nan," ya ce. "Sai dai a sa labule."

Uwais ya tsaya yana kallon filin nan, don ya riga ya san tsawonsa. Ranar da ya je ƙauye ya tambayi Kawu Nagoda, ƙanin Inna, ko za ta shiga bayan mota a miƙe. Shi dai suruki ne, ba zai tsallaka labule ya auna ta ba. Kawu ya nemi abin awo a gidan ya rasa, sai kawai ya zaro karan dawa daga danga, ya shiga ya gwada a gefenta, ya karya daidai tsawonta. Matan gidan suka yi ca a kansa, don kowa ya san gawa ake yi wa awo da kara, a kai wa masu haƙar kabari. Inna ce ma ta kashe maganar, tana dariya tana nishi.

"Tun ban tafi ba, Nagoda? To yago bakin zanen nan ka ɗaura masa. Na gawa dai ba a yi masa ado."

Da karan nan Uwais ya zo nan ranar Alhamis shi kaɗai. Ya gwada a bayan salun, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ya gwada a wagon, ya shige har da saura. Da yake ba shi da inda zai ɓoye shi a gida, sai ya jingine shi a ofishin Obiajulu ya ce kada a jefar, bai ƙara masa bayanin komai ba.

"Ina zuwa," in ji Obiajulu, ya nufi ofis da sauri. Uwais ya ɗauka ruwa zai kawo.

Da suka rage su biyu, Mahbuba ta jingina da motar ta dube shi. Wasan ya bar fuskarta.

"Malam."

"Na'am."

"Sau bakwai."

"Me?"

"Hularka. Huɗu a hanya, uku a nan. Ina lissafe."

Ya sauke hannunsa da sauri, ashe yana can sama bai sani ba.

"Mako uku da suka wuce kai ne ka ce in zaɓi wadda raina yake so. Yau kuma ka zama dillalin wagon. Zan tambaye ka, ka amsa min ɗaya bayan ɗaya." Ta rage murya. "Aikin ne ya samu matsala? Haya kake so ka riƙa yi zuwa Kaduna? In shi ne ka faɗa min, wallahi ba abin kunya ba ne. Kekena yana nan, ɗinki ba ya yankewa. Ni da kaina zan riƙa wanke maka motar."

Matar nan da ko sunkuyawa ba ta iya yi, ita ce za ta wanke mota.

"Aikina yana nan lafiya."

Ta dubi hular. Ba ta motsa ba.

"To kai ne ba lafiya?"

"Lafiyata ƙalau."

Hula tana nan daram.

"Wani ne ba lafiya?"

Hannunsa ya tashi da kansa. Ya kama shi a hanya, ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya cire hular gaba ɗaya ya riƙe a ƙirji kamar mai jin zafi.

Daidai nan Obiajulu ya dawo, fuskarsa cike da fara'ar wanda ya zo da hujjar da za ta kashe gardama. Ba ruwa ba ne a hannunsa.

"Madam, ki daina wahalar da kanki. Alaramma ya riga ya yi awo tun shekaranjiya, ga ma sandarsa. A waccan ƙin shiga ta yi. Amma duba nan."

"Obi..." in ji Uwais.

Ina, ya makara. Obiajulu ya riga ya shimfiɗa karan a bayan motar, ya daidaita shi a tsakiya da kyau, ya ja baya yana tafa hannu.

"Kin gani? Cif, har da ragowar taƙi guda."

Bawan Allah, shekara arba'in yana cin tuwon Zazzau, ya je suna, ya je ɗaurin aure, ya je gaisuwar mutuwa ba adadi, amma bai taɓa bin gawa maƙabarta ba. Shi a wurinsa kara kara ne.

Mahbuba ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi wa Uwais sauƙi. Ta tsaya tana kallon karan, tsawon mutum guda, an karya shi da hannu. Sannan idonta ya sauka kan ƙyallen da ke ɗaure a kansa, shuɗi mai zanen ganye. Ta miƙa hannu ta shafa shi. Ita ta sayi atamfar nan, ita ta ɗinka, ita ta kai wa Inna da ƙaramar salla. Har kalmasar bakin zanen ta gane, ɗinkin kekenta ne.

"Yaushe?" ta ce.

"Mahbuba, tsaya ki ji."

"Yaushe aka kai ta?"

Muryarta a kwance take, amma ya ga ta yi baya za ta faɗi. Ya yar da hular ya tare ta, ya zaunar da ita a bakin ƙofar motar. Hannunta ɗaya ya tafi kan cikinta ya dafe, irin dafewar da ya gani ranar nan a tsakar gida. Tsoro ya rufe shi. Amana dai amana ce, amma Inna ba wannan ta nufa ba.

Ya durƙusa a gabanta a kan ƙasa.

"Tana da rai. Ki dube ni. Wallahi Inna tana da rai. Faɗuwa ta yi a bakin rijiya, ƙugunta ya tsage, ba ta iya zama. Awon mota ne, don a kawo ta asibiti a kwance. Kawu ne ya rasa abin awo. Ita da bakinta ta ce a ɗaura ƙyallen."

Ta dube shi, ta dubi kansa da ba komai.

"Ina hular?"

"Ga ta can a ƙasa."

"Ɗauko ka sa."

Ya ɗauko, ko kakkaɓewa bai yi ba, ya kifa a kai.

"To maimaita."

Ya saki hannayensa a gefe inda za ta gan su. "Inna tana da rai. Jiya da la'asar ma na ji muryarta."

Ta zuba wa hannayen ido. Ya ji kamar shekara. Ba hannun da ya motsa.

Sai a sannan kukan ya zo. Ta kifa goshinta a kafaɗarsa a nan filin motoci, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, tana kuka tana dukan bayansa da ɗan dunƙulen hannunta, dukan da ko sauro ba zai kashe ba.

Obiajulu ya tsaya baki buɗe. "Alaramma, me na yi?"

Uwais ya gaya masa a taƙaice. Obiajulu ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni. Madam, ki yafe min. Na rantse da Allah ban sani ba. Ni na ɗauka irin awon malamai ne."

"Ba laifinka, Oga Obi," ta ce tana share ido da bakin mayafi. "Laifin mai hula ne."

Ya ruga ya kawo ruwa, wannan karon ruwan gaske, ya koma can nesa ya hau goge gilashin motar da ba ta da datti.

Ta sha, ta numfasa. Uwais yana ta kallon cikinta.

"Yana motsi?"

"Yana ta harbi. Shi ma haushinka yake ji." Ta ajiye robar. "Kwana nawa?"

"Sha ɗaya."

"Kwana sha ɗaya ina tuƙa maka tuwo kana ci da wannan a cikinka. Shi ya sa kullum na kira sai Kawu ya ce tana barci, ko tana maƙwabta."

"Amana ta ba ni. Kuma na ji tsoro, Mahbuba. Na tuna wancan."

Ta hau murza ƙyallen a tsakanin yatsunta.

"Ban taɓa gaya maka ba," ta ce. "Wancan karon ba rasuwar Baba ce kaɗai ta kayar da ni ba. Wata biyu yana jinya, kowa ya sani, har 'yan uwanka sun sani, ni kaɗai aka bari wai don ina da ciki. Ina nan ina ɗinka masa rigar salla. Rana ɗaya aka haɗa min ciwon da mutuwar aka sauke min a ka. Da an faɗa min tun farko, da na je na gan shi, da na yi kukana kaɗan kaɗan."

Uwais ya sunkuyar da kai. Shekara uku yana zaton ya fahimci abin da ya faru a tsakar gidan nan, ashe bai fahimta ba. Kuma ga shi da hannunsa ya kusa maimaitawa.

"Ki yafe min."

"Zan yi tunani." Ta miƙo masa hannu. "Kama ni in hau."

"Ki hau ina?"

"Wadda za a kwantar a nan uwata ce. Ba zan bari a sa ta inda ban gwada ba."

Ya tallafe ta ta hau da rarrafe, ta kwanta a gefenta na hagu kusa da karan, ciki a gaba. Ta ɗan motsa, ta yamutsa fuska.

"Ka ji ko. Akwai tudu a nan inda kujerun suka haɗu, kuma daidai ƙugu yake. Kai da karanka ba za ku taɓa sani ba, kara ba shi da ƙugu."

"Sai a sa bargo."

"Katifa za a yanko, mai kauri, in yi mata riga. Filo biyu a gefe saboda gargada, hanyar Maigana ba ta da mutunci. Gilashin nan kuma labule yake so, Inna ba za ta yarda a yi ta leƙenta a kwance ba." Ta laluba jakarta ta zaro tef ɗin awo, ta wurga masa. "Riƙe can. Mutum yana auren tela ya tafi yana awo da karan dawa."

Ya riƙe, tana faɗin inci yana maimaitawa. Can sai ta daina. Ta daidaita kanta da kan karan, ta miƙe ƙafa, ta leƙa ƙasa. Ƙafarta ta wuce ƙarshen karan da kusan yatsa uku.

"Kawu bai auna daidai ba," ta ce.

"A gabansu ya karya."

"Inna ta fi ni tsawo. Kullum sai na ƙara mata inci biyu a kan nawa."

Ashe shekaru sun ci tsawon Inna ba ta lura ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan karan ta bar shi a nan. Ta cikin gilashi ana hango farar salun tana sheƙi a rumfa. Ta kalle ta sau ɗaya.

"Kujerar nan dai ta san mai ciki," ta ce a hankali. "Allah ya haɗa ta da mai rabo."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya zaro ya duba, sunan Kawu Nagoda ne. Kafin ya yanke shawara ta miƙo hannu daga inda take kwance. Ya ba ta. Ta danna, ta buɗe murya yadda shi ma zai ji, ba ta ce uffan ba.

Ba Kawu ba ne. Muryar ƙarama ce, tana fita da ƙyar, ba kamar ta jiya ba.

"Malam, ka yi haƙuri na sa an kira ka. An samu motar kuwa? Na ce ko za a matso da zuwan nan. Zazzaɓi ne ya sauko min tun jiya, ƙafar kuma ta kumbura." Ta tsaya ta ja numfashi. "Mutuniyar taka fa? Tana cin abinci? Ba ta dai ji komai ba ko?"

Mahbuba ta rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya sauka a kan shimfiɗar motar.

"Inna, ni ce."

Ana jin kukan akuya can nesa a cikin wayar, da wata mata tana daka. Uwais ya jira faɗa, ya jira a ce a ba shi wayar a tambaye shi inda ya kai amana.

"Mahbuba," in ji Inna.

Mahbuba ta buɗe ido ta dubi mijinta. Shekararta talatin da ɗaya a duniya, yau ta fara jin yadda sunanta yake a bakin uwarta.

"Mahbuba, in za ki zo, ki zo yau."

Wayar ta katse. Ta sake kira, ba ta shiga ba. Ta kuma kira, haka.

Ta yunƙura ta tashi zaune, ta kwance ƙyallen daga jikin karan ta ɗaura a wuyan hannunta. Karan kuma ta miƙa wa Uwais.

"Karya shi."

Ya karya a gwiwa, ya sake karyawa.

Ta leƙo kai ta ƙofar baya.

"Oga Obi, akwai mai a motar nan?"